Agogon Malam Isma'ila Tela

Kibiya, 6 ga Mayu, 2024

Zuwa ga Kawu Ishiyaku mai gyaran agogo, Rano.

Assalamu alaikum, Kawu. Ina gaishe ka da kyau, da fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Yaya zafi? Mu nan lafiya lau, sai jiran ruwa.

Ni ce Juwairiyya, 'yar marigayiya Firdausi ta Zurgu, wadda kuke 'yan maza zar da ita. Rabonmu da haɗuwa tun bikin nan na Rurum, inda ka ce na gaji uwata har a surutu. Na so in kira ka a waya, sai maigidana Mukhtar, da ke jigilar fasinja tsakanin Kibiya da Rano da Kano, ya ce kunnenka ya yi nauyi, ko na kira ihu kawai zan yi ta yi. Shi ya sa na rubuto, shi zai kawo maka.

Kawu, ina 'yar sana'a a cikin gida: sabulu, man shafawa, 'yan kunne, da agogunan mata da Mukhtar ke saro mini daga Kano. Agogunan nan su ne ciwon kaina. Mace ta saya, bayan wata shida ya tsaya, ta dawo tana hararata kamar da gangan na sayar mata da matacce, alhali batir ne ya ƙare. Nan kusa babu mai canzawa, sai an aika Rano. Jiya na ce bari in gwada, na sa wuƙar yankan albasa na ɓamɓare murfin wani. Murfin ya fita, yatsana ma ya samu rabonsa.

Ina roƙon ka koya mini, ko da ɗan abin da zai fisshe ni kunya ne. Na san ba a saba ganin mace a wannan aiki ba, amma matan unguwarmu sun fi sakin jiki su shigo wurina.

'Yarka, Juwairiyya.

Rano, 12 ga Mayu

Wa alaikumus salam, 'yar Firdausi. Lafiyata ƙalau, sai tsufa, shi kuwa ba asibitin da ke karɓarsa. Ki gaida Mukhtar, ki ce masa ya rage gudu.

Na yi dariya da na karanta zancen wuƙar albasa. Uwarki ma haka take, ta taɓa buɗe rediyon kakanku da ludayi. Shekara arba'in da ɗaya ina wannan aiki a bakin kasuwa, 'ya'yana ba wanda ya ko leƙa teburina, duk sun tafi gyaran waya. Sai ga shi daga Kibiya, daga cikin gida, wata tana tambaya. To, madalla.

Ga gwangwani nan na ba Mukhtar. A ciki akwai abin buɗe murfi, hantsaki, ƙananan sukudireba uku, madubin da ake maƙalawa a ido, da matattun agoguna huɗu. A kan matattun za ki koya, kada ki taɓa na mutane sai kin buɗe waɗannan kin rufe har hannunki ya daina rawa. Ki yi aiki a kan farin faranti mai ɗan zurfi, don abin da ya faɗi ya faɗi a ciki. Ki wanke hannu, kada ki tashi daga tuyar ƙosai ki zauna kan agogo. Batir kuma da hantsaki ake ɗaukarsa, ba da yatsa ba.

In kin buɗe tsohon agogo za ki ga 'yan zane-zane a cikin murfinsa. Kada ki goge, ba datti ba ne. Kowane mai gyara yana da alamarsa da yake karcewa a nan tare da shekara, don wanda ya zo bayansa ya san hannun da ya riga shi. Tawa layi biyu ne a tsaye da ɗigo a tsakani. Ke ba ki kai wurin alama ba tukuna, don haka kada ki ɗauki allura.

Kawunki, Ishiyaku.

Kibiya, 21 ga Yuli

Kawu, sallama da gaisuwa. Yaya damina? Namu geron ya kai gwiwa. Ka yi haƙuri da jina shiru, aiki ne ya buɗe.

Yanzu canza batir ba ya ɗaukata minti biyar. Ina canza maɗauri, ina sa gilashi, har mata daga Tarai sun fara aiko da nasu. Mai zuwa sayen sabulu ta kawo agogo, mai kawo agogo ta sayi sabulu. Mukhtar kuma ya gano inda ake sayar da injin agogo mai batir a Kano, ƙanana, sababbi fil, arha kamar banza. In injin mutum ya mutu sai in cire in sa sabo, shi ke nan.

Ga ma abin da zai faranta maka rai. Akwai wata dattijuwa a bayan layinmu, Inna Barira, matar marigayi Malam Isma'ila tela. Shekaranjiya ta shigo da agogon mijinta ƙulle a bakin zane, irin na da mai wani, wanda ake murɗa ɗan kansa na gefe kowace safiya. Ta ce sati biyu ke nan da ya tsaya. Na buɗe, na ga ciki cike da ƙananan tayoyi masu haƙora, na san ba hurumina ba ne. Sai na yi dabara: na cire tsohon injin gaba ɗaya, na sa sabo mai batir, na mayar da fuskar da hannayen. Da kyar ya zauna, amma ya zauna. Yanzu yana tafiya daidai da waya, ba wani ba wahala. Na aika mata da shi ɗazu, kuma ban karɓi komai ba, don tsohuwa ce.

Tsohon injin ga shi nan a cikin kwalin ashana na turo maka tsaraba, na san kana tara irinsu.

Juwairiyya.

Kibiya, 24 ga Yuli

Kawu, ina gaisuwa. Lafiya lau muke, amma raina ba daɗi. Ina roƙonka kada ka taɓa abin da na turo maka a cikin ashana, kada ka cire masa komai.

Yau da hantsi Inna Barira ta yi sallama. Na shimfiɗa mata tabarma, muka gaisa, ta kwance bakin zaninta ta ajiye agogon a gabana. Na ce, "Inna, ya sake tsayawa ne?"

Ta ce, "A'a, yana tafiya. 'Yar nan, me kika yi masa?"

Ni kuwa da bakina na 'yan kasuwa na shiga yi mata talla. Na ce sabon inji na sa, shekara biyu ba ruwanta da shi, ta huta da murɗawa. Ta bar ni har na gama.

Sannan ta ce, "Da asuba na murɗa shi, na ji kan yana juyawa a banza, ba ya kama komai. Na kai kunne, na ji ba muryarsa ba ce. Nasa sauri-sauri yake yi kamar kaza na tsattsaga, wannan kuwa ɗaya-ɗaya yake ɗigowa."

Na ce, "Amma Inna, wannan ya fi ba da lokaci daidai."

Ta dube ni ta ce, "Ni ai ban iya duba agogo ba. Ban taɓa iyawa ba. Kiran salla ya ishe ni."

Kawu, sai da na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ta ce Malam kullum in ya dawo daga masallaci da asuba, kafin ya sha koko, sai ya yi wa agogon wani, sau goma sha biyar. Da ciwo ya kwantar da shi, yatsunsa suka daina kamawa, sai ya riƙa miƙo mata hannu tana murɗa masa yana ɗaure a tsintsiyarsa. Shekara huɗu da rasuwarsa, ba ta taɓa fashi ba. Ta ce Allah bai bar mata 'ya'ya ba, keken ɗinkin ma 'yan'uwansa sun ɗauka a gado, wannan ne nata.

Ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Ki mayar mini da cikinsa, ko da ba zai tashi ba." Na ce yana Rano wurin kawuna, babban mai gyara ne, zai tashe shi. Na yi mata alkawari da sunanka, Kawu, ka yafe mini. Ka taimaka ka gyara, ka turo in mayar.

'Yarka mai laifi, Juwairiyya.

Rano, 28 ga Yuli

Juwairiyya, na samu takardunki biyu. Muna lafiya.

Ba zan gyara ba. Kada ki sake turo mini agogon kowa, kuma kada ki sake yi wa wani alkawari da sunana.

Ishiyaku.

Kibiya, 1 ga Satumba

Kawu, assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Mukhtar ya ce sau uku yana bi ta teburinka yana tarar da shi a rufe, gida kuma aka ce ka fita. Na gane, ba sai an yi mini bayani ba.

Takardarka ta ƙarshe na karanta ta har na haddace, ba ta da tsawon da za ta gagari hadda. Ko "'yar Firdausi" ba ka kira ni ba. Na san na ɓata, na sa hannu a abin da ya fi ƙarfina, na kuma jawo sunanka cikin ɓarnata. Ka yi gaskiya da ka janye hannunka. Ga gwangwaninka nan na mayar, komai na ciki, madubin ma na goge shi. Na koma sabuluna.

Abu ɗaya nake roƙo. Ka turo mini injin nan yadda yake. Sati biyar ke nan, kuma ban san abin da ya sa ka riƙe shi ba. In horo ne, ni na cancanta, amma ba ni ke shan horon ba. Inna Barira kan shigo duk bayan kwana uku ko huɗu. Ba ta tambaya. Ta sayi sabulun da na san ba ta gama na baya ba, ta zauna kaɗan, ta dubi inda nake ajiye farantin aiki, ta ce a gaida maigida, ta tafi. Agogon yana nan cikin kwanona yana ta tafiya, ta ƙi ɗauka. Maƙwabciyarta ta ce har yanzu takan farka da asuba ta laluba ƙarƙashin matashi.

Ni ce na raba ta da shi, kuma ba na iya haɗa ido da ita. Don Allah, don zumuncin da ke tsakaninka da uwata.

Juwairiyya.

Rano, 8 ga Satumba

'Yar Firdausi, wa alaikumus salam. Ga shi na kira ki, sai ki kwantar da hankali. Ina lafiya, na yi kwana tara a Kano an kankare mini yanar ido, yanzu na dawo.

Na ga gwangwanin nan ya dawo. Kin karanta takardata daidai, amma ba da ke nake fushi ba. Bari in faɗa miki abin da ban faɗa wa ko matata ba.

Hannuna ya daina tsayawa. Kusan shekara biyu ke nan, batir da maɗauri kawai nake yi, in an kawo mai wani sai in ce babu kayan gyara. Ranar da takardarki ta roƙon gyara ta zo, na ce wannan kam dole in gwada. Na buɗe injin da safe, haske na da kyau, na kama wani ɗan sukuru da bai kai ƙwayar gero ba, hannun ya yi rawa, sukurun ya yi tsalle ya bar farantin. Ni da na koya miki faranti. Na yi rarrafe a ƙasa har azahar ban gan shi ba. A cikin wannan halin na rubuta miki layukan nan. Da na ce ba zan gyara ba, kunya ce ta hana ni rubuta ba zan iya ba. Kuma ban turo injin ba ne saboda ba zan mayar wa Barira kayan mijinta da giɓi ba. Mukhtar kuwa da gangan na riƙa ɓuya masa, kamar yaron da ya fasa tulu. Jiya, da sabon idona da maganaɗisu, na tsinci sukurun a tsagar ƙafar tebur.

Isma'ila na san shi. A keke yake zuwa daga Kibiya, ya zauna a bencina ya ƙi tafiya sai an gama, wai ba ya barin agogonsa ya kwana a hannun wani. Ki buɗe murfin ki sa madubi, za ki ga layi biyu da ɗigo, ina jin sau uku.

Laifin da kika yi rabinsa nawa ne. Na koya miki faranti da hantsaki, na manta babban abu. Kafin ki buɗe agogo, ki tambayi mai shi abin da yake so da shi, ki kuma bari ya gama magana. A sabulu sabo ya fi tsoho, shi ya sa hannunki ya tafi can. Kuma duk abin da kika cire daga agogon mutum nasa ne, ko ya mutu, a ƙunshe a ba shi.

Yanzu ga aiki. Na duba, ciwonsa ba mai yawa ba ne: babban sifirin, naɗaɗɗen ƙarfen nan da ke riƙe wani, shi ne ya tsinke, sai datti da tsohon mai da ya daskare. Na samo sifirin irinsa a cikin tarkacena. Ke za ki sa. Ga gwangwaninki, ga injin, ga kwalbar man agogo, ga wani mataccen inji ɗan'uwansa. Na zana miki komai a takarda huɗu, abin da ake fara cirewa da abin da ke binsa. Ki wargaza mataccen ki haɗa sau goma kafin ki taɓa na Isma'ila. Ki wanke kayan da fetur mai tsabta, a tsakar gida, nesa da murhu. Mai kuwa da bakin allura ake ɗiga shi, in kin ga ɗigon da ido ba madubi to ya yi yawa. Akwai wata siririyar waya a naɗe kamar gashi, ita ce ransa, ko numfashi kada ki yi mata da ƙarfi.

Ki je ki gaya wa Barira gaskiya, har da tawa. Kada ki sa mata rana.

Kawunki, Ishiyaku.

Kibiya, 6 ga Oktoba

Kawu, gaisuwa mai yawa, da barka da samun ido. Ka yafe mini da na yi maka mummunan zato. Na yi kuka da na karanta takardarka, sannan na yi dariyar rarrafen, Allah ya yafe mini.

Na je na gaya wa Inna Barira komai. Ta ce, "Ishiyaku na bakin kasuwa? Ashe yana raye. Malam yakan ce tsadarsa kamar likita." Ka ji abin da aka ce, ni dai saƙo na isar.

Alamarka na nan sau uku kamar yadda ka ce, ta 1991, da 2000, da 2011.

Mataccen injin sau goma sha uku na wargaza shi, don sau uku na farko ban lissafa su cikin aiki ba. Sifirin ya taɓa kubce mini ya tsallake katanga, Mukhtar ya tsinto shi a cikin kuɓewar maƙwabta. Kwana goma sha tara ina yi, kullum da hantsi in na gama aikin gida, in rufe ƙofa in ce ba sabulu sai azahar. Cinikina ya ja baya, ban damu ba.

Ranar Alhamis na haɗa na Malam. Da ya rage in mayar da shi cikin gidansa, sai na aika aka kira Inna, don na tuna mai shi ba ya son a yi aikin ba ya wurin. Ta zo ta zauna a bakin tabarma. Na mayar da fuskar, na sa hannayen, na rufe murfi. Ban murɗa ba. Ban san ko zai tashi ba, Kawu. Na miƙa mata na ce, "Inna, bismilla."

Ta karɓa, ta kama kan da yatsa biyu, tana murɗawa leɓenta na ƙirgawa. A na shida na ga siririn hannun ya motsa. Ita ba ta duba ba, sai da ta cika sha biyar, sannan ta kai kunne. Ta daɗe a haka, idonta a rufe. Can ta ce, "Shi ne." Ta share ido da bakin mayafi, ta ƙulle shi a zaninta, ta sa mini albarka har sai da na ji nauyi.

Sabon injin mai batir na ƙunshe na ba ta, na ce ai daga agogonta ya fito. Ta ce in ba wa mai bukata.

Sai dai aikin bai cika ba, kuma ba zan ɓoye maka ba. Kwana uku ina zuwa gidanta ina gwada shi da waya, kullum yana baya da minti huɗu. Na roƙe ta ta ba ni shi in sake dubawa, ta ce ko kusa, ba zai sake kwana a waje ba. Ka gaya mini inda na kuskure, ko man ne ya yi yawa.

'Yarka, Juwairiyya.

Rano, 10 ga Oktoba

'Yar Firdausi, wa alaikumus salam. Muna lafiya, an fara yankan gero.

Ki gaya wa Barira na ji saƙon mijinta, kuma har yau ban ga likitan da ke barin mara lafiya ya zauna masa a benci yana ba shi shawara ba. Allah ya jiƙan Isma'ila.

Zancen minti huɗu, ki daina wahalar da kanki. Ba ki kuskure ko'ina ba. Sau uku agogon nan yana zuwa hannuna, lokacin ina da ido da kunne da hannu, sau uku ina fama da minti huɗun nan, ban taɓa cin su ba. A zuwansa na ƙarshe Isma'ila ya ce in bar masa abinsa, ya saba, kullum da labaran safe na rediyo yake tura shi gaba. Da kin ce mini yana tafiya daidai da waya, da na ce wani agogon kika haɗa. Yadda ya bar shi haka kika mayar mata.

Ga allurata nan a cikin takardar, wadda nake karce alama da ita. Ni na gama da ita. Ki ɗauka ki je gidan Barira, tunda agogon ba zai fito ba, ki nemi izininta ki buɗe murfin a gabanta. Ki zaɓi alamarki, ki sa ta a ƙarƙashin tawa, da shekara. Ki yi ta ƙarama, ki bar wuri a ƙasa.

Kawunki, Ishiyaku.